Buhun 'Yan Gudun Hijira: Hakkin Wa Ne, Kuma a Wuyan Wa Yake?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ciyar da mu, ya shayar da mu, ya ba mu wurin kwanciya a garin da ba a nan aka binne cibiyarmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako. 

Nasiharmu ta wannan Juma'a a kan 'yan uwanmu ce waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, da kuɗin da hukuma take warewa domin a agaza musu. Na san wani zai ce, Malam, wannan ai maganar siyasa ce, me ya kawo ta takardar masallaci? To ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe. Maganar yunwa da amana da dukiyar jama'a tana cikin littattafan fiƙihu tun kafin a san wata aba wai ita jam'iyya. Kuma za ka ga cewa maganar ba a Abuja ta tsaya ba, ta biyo tirela ta zo har rumfunanmu.

Babu wanda yake buƙatar dogon labari a cikinmu. Tun 2009 da wuta ta kama a Maiduguri, zuwa 2014 da Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, zuwa abin da ya faru a Baga a farkon 2015, mutum sama da miliyan 2 ne suka bar gidajensu a Borno da Yobe da Adamawa. Wasu suka tsallaka Diffa a Nijar, wasu Minawao a Kamaru, wasu Chadi. Ba a gama da wannan ba sai ga ta 'yan bindigar daji a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. Mutum ya bar hatsinsa a tsaye a gona ya gudu da rigar da ke jikinsa, wasu har Maraɗi. Su na arewa maso yamma ma akasarinsu ko sansani ba su da shi, sai kango da makaranta da zauren wanda ya ji tausayi. Mu da ke zaune nan Badun muna ganin abin a farashin wake da kifi da shanu. Muna kuma ganinsa a ƙofar masallacin nan, a fuskar samarin da suke sauka daga mota ba su san kowa ba, suna neman baro ko acaɓa ko jarkar ruwa su fara sana'a.

Shekaru da yawa, wani babban kaso na abinci da maganin da ake rabawa a sansanoni da kuɗin ƙasashen waje ake sayensa, kuma Amurka ce ke kan gaba. A watan Janairun 2025 sabuwar gwamnatinsu ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID gaba ɗaya. Wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. A watan Yulin 2025 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, ta fito ta ce rumbunta ya ƙare, kuma abincin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas yana gab da tsayawa, ga cibiyoyi sama da 150 na kula da yara masu tamowa a Borno da Yobe za a rufe. A wannan watan dai ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida kacal. Wannan fa waɗanda aka samu aka kai asibiti ne. Wanda ya rasu a goye a bayan uwarsa a kan hanya ba ya cikin lissafin.

Na ji mutane suna zagin Amurka a kan wannan. Ni dai ban ga ribar zagin ba. Kuɗinsu ne, sun bayar da dalilinsu, sun janye da dalilinsu. Zanen aro dama ba ya rufe katara. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, a Shari'a, ciyar da wanda yaƙi ya kora a wuyan wa yake?

Mu koma Madina. Al'ummar farko ta Musulunci ai al'ummar 'yan gudun hijira ce. Muhajirai sun baro Makka sun bar gidaje da dukiya, wasu attajirai ne a can suka wayi gari ba su da ko tabarma. Mutanen Madina, Ansaru, suka karɓe su, suka raba musu ɗakuna da dabinon gonakinsu. Wannan kowa ya sani, shi ake yawan faɗa a wa'azi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. A shekara ta 4 bayan Hijira, da dukiyar Banu Nadir ta shigo hannun Manzon Allah (SAW) ba tare da an gwabza yaƙi ba, wato dukiyar da ta zama ta hukuma ke nan, sai ya raba ta ga Muhajirai. A cikin Ansaru malaman tarihi sun ambaci mutum biyu da aka bai wa, Sahlu ɗan Hunaifu da Abu Dujana, saboda su ma talakawa ne. A cikin Suratul Hashri, aya ta 7 da ta 8, Allah ya yi bayanin inda irin wannan dukiya take zuwa, ya ambaci matalautan da aka fitar daga gidajensu da dukiyoyinsu, ya kuma faɗi dalili, cewa kada dukiya ta zama tana kewayawa a tsakanin mawadata kaɗai.

Ku lura da tsarin nan da kyau. Ansaru sun ɗauki nauyi da aljihunsu lokacin da hukuma ba ta da komai. Ranar da abu ya shigo hannun hukuma, waɗanda aka kora daga gidajensu aka fara dubawa, aka sauke wa Ansaru nauyi. Ba a ce ai Ansaru suna ƙoƙari, a bar su su ci gaba ba. Sadakar mutane tana da matsayinta, baitulmali ma yana da nasa wajibin, ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya.

Sai zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi fari mai tsanani a Hijaz, har ƙasa ta koma kamar toka, shi ya sa ake kiran shekarar Amur Ramada. Mutanen ƙauye suka baro wurarensu suka taru a gefen Madina, kamar dai yadda muka ga mutane sun taru a gefen Maiduguri. Me Umar ya yi? Ya buɗe baitulmali. Da ya ga ba zai isa ba ya rubuta wa gwamnoninsa, aka turo ayarin abinci daga Sham, Amru ɗan Asi ma ya turo nasa. Ya naɗa mutane a kan kowane ɓangare na masu gudun, ana dafa abinci ana rabawa, ana kai wa marasa lafiya da yara inda suke. Ya sa ana ƙidaya masu cin abincin, da dare ma'aikatan su zo su ba shi rahoto. Ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekarar. Shi kansa ya rantse ba zai ci nama ko man shanu ba sai mutane sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. An ruwaito cewa ya yi niyyar, in abin ya ƙi ƙarewa, ya haɗa kowane gida da mutane adadin mutanen gidan, domin a ganinsa mutum ba ya mutuwa a kan rabin ciki. Addu'a ma an yi, ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas baffan Annabi (SAW). Amma ku duba, bai ce wa mutane su je su yi addu'a shi ya koma gida ya kwanta ba. Tukunya tana kan wuta aka fita roƙon ruwan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne ƙidayar. Mai tsoron Allah irin Umar bai ce ai mutanena amintattu ne, ba sai an yi lissafi ba. Ya san cewa abincin da ba a ƙidaya shi, ba a san inda yake zuwa.

Wani zai ce, ai Najeriya ba daular Musulunci ba ce. Gaskiya ne. Amma kundin tsarin mulkin ƙasar, a sashe na 14, ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. Kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka ƙulla a 2009, wadda ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin mutanenta da suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu. Duk wanda ya hau kujera ya dafa Alƙur'ani ko Baibul ya yi rantsuwa, a kan wannan ya rantse. Musulmi kuwa an umarce shi da cika alkawari. Kuɗin ma daga ina suke fitowa? Daga man fetur da Allah ya ajiye a ƙasar kowa, da harajin da ake cira a duk abin da muka saya, da abin da kuke biya a kan titi. Alhaji mai albasa, kai ka san sau nawa ake tsayar da motarka daga Aliero zuwa nan. Mai shanu ya san abin da yake kashewa daga Potiskum kafin ya sauke a kara. To idan aka ɗebi wani abu daga cikin wannan aka sayi masara aka kai Monguno ko Anka, wanda ya miƙa buhun bai yi wa kowa kyauta ba. Ajiya ce aka ba shi ya mayar wa masu ita.

Wannan shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga buhun agaji da hoton mutum a jiki, an jera tsofaffi a rana ana ɗaukarsu a waya suna godiya. Tsohuwar nan mijinta aka kashe saboda an kasa tsare garinsu. Ita ya kamata a bai wa haƙuri, sai ga shi ita ake sa wa ta yi godiya.

Kuma ba rashin ofisoshi ne ya dame mu ba. Akwai hukumar NEMA tun 1999, kusan kowace jiha tana da tata hukumar agajin gaggawa. A 2017 aka kafa hukumar raya arewa maso gabas. A 2019 aka buɗe ma'aikata sukutum ta harkokin jin ƙai. Kasafin kuɗin tarayya na 2025 ya haura naira tiriliyan 54. A cikin ma'aikatan nan akwai mutanen kirki da suke shiga wuraren da ni da kai ba za mu yarda mu shiga ba, wasu ma'aikatan agaji ma sun rasa rayukansu a bakin aiki, Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu ya saka wa duk mai gaskiya. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, mun ga an yi ƙoƙari. Ba a hana mai hakki hakkinsa na yabo.

Amma ku 'yan kasuwa ne, kun san bambancin "na yi maka alkawari" da "ga kuɗinka". Abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa hannun mai shi kuma daban. Akwai kuma lokaci. Yunwa ta fi tsanani a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Kuɗin da aka saki a watan Disamba ba zai dawo da yaron da aka binne a Agusta ba. A 2016, da likitocin MSF suka samu shiga sansanin Bama, sun ƙidaya kaburbura sama da 1,200 a gefensa, da yawa na yara ne. Mutanen nan sun tsira daga bindiga, suka zo yunwa da cuta suka kashe su a inda suka zo neman mafaka.

Yanzu mu zo inda maganar take da ɗaci. A watan Yunin 2017 ofishin mataimakin shugaban ƙasa da kansa ya faɗa cewa a cikin kowace mota 100 ta abincin da ake aikawa 'yan gudun hijira, kimanin 50 karkatar da su ake yi. Ba ɗan adawa ba ne ya faɗa, gwamnati ce. A wannan shekarar kuma Saudiyya ta aiko da dabino tan 200 domin azumi, aka wayi gari ana ganinsa a kasuwa, har sai da Najeriya ta bai wa Saudiyya haƙuri. A watan Oktoban 2020 kun ga yadda aka fasa rumbuna a garuruwa da yawa aka tarar da kayan tallafin korona a jibge, wata da watanni bayan an kulle mutane a gida da yunwa. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai a kan batun naira miliyan 585 da aka nemi a tura asusun wani mutum. Wannan na masu bincike da kotu ne, ba mu yanke wa kowa hukunci a nan. Muna dai faɗin abin da kowa ya ji.

Ga wanda Allah ya ɗora wa rabon irin wannan kaya, ko yana Abuja ko yana ƙaramar hukuma ko shi ne mai unguwar da aka ce ya kawo sunaye, ya tuna da labarin Ibnul Lutbiyya. Annabi (SAW) ya aike shi karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko za a kawo masa kyautar, ya kuma yi gargaɗin cewa duk wanda ya ɗauki wani abu daga irin wannan dukiya zai zo da shi a wuyansa ranar ƙiyama. Akwai kuma labarin wani mai yi wa Annabi (SAW) hidima da kibiya ta same shi ya mutu bayan yaƙin Khaibara. Mutane suna taya shi murnar shahada, Annabi (SAW) ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya fa, jama'a. To ina ga tirela?

Sai dai tirelar nan ba ta ɓacewa a iska. Wanda ya karkatar da buhu 600 na masara ba zai cinye su da iyalinsa ba. Sai ya samu mai saye. Dabinon Saudiyya da aka gani a kasuwa, wani ne ya saye shi a sari, wani ya auna shi a mudu, wani ya yi buɗa-baki da shi yana roƙon Allah ya karɓi azuminsa. Wannan ɓangaren namu ne, 'yan uwa, ba na gwamna ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowa a nan ya san yadda ake yi. A kira ka a waya da dare a ce akwai kaya mai sauƙi amma ka zo da buhunanka, za a juye. Ko ka ga buhu an kankare rubutun jikinsa. Ko farashi ya yi ƙasa da na kasuwa yadda hankali ba zai ɗauka ba, kuma mai kayan ba manomi ba ne, ba ɗan kasuwa ba ne, ba ka taɓa ganinsa a layin hatsi ba. Kai da ka shekara ashirin kana wannan sana'a, ba sai an faɗa maka ba. Malamanmu sun bayyana cewa wanda ya sayi kayan sata ko na ƙwace alhali ya sani, hukuncinsa hukuncin wanda ya ƙwata ne, kayan ba su zama nasa ba, kuma biyansu yana wuyansa. Cewa "ni dai da kuɗina na saya" ba ta wanke shi. Kuma rufe ido da gangan don kada a sani, shi ma sani ne.

A nan akwai bambancin da ya kamata a fahimta, don kada a tsananta inda Shari'a ba ta tsananta ba. Idan ɗan gudun hijira ya karɓi rabonsa, ya ɗebi mudu biyu ya sayar don ya sayi itace ko gishiri ko magani, wannan kayansa ne, ya halatta a saya. Abin da ake nema gare ka shi ne kada ka ga yana cikin matsi ka karya masa farashi, ka ba shi kuɗin kasuwa, in ka ƙara masa ma ya fi. Amma babu ɗan gudun hijirar da yake da tirela. Sai kuma abincin nan na yara masu tamowa da ke zuwa a 'yar leda, mai kama da tunkuzar gyaɗa. Wannan magani ne, an auna shi ne a kan wani yaro da ake so a ceto. Iyayenmu mata, don Allah idan kun gan shi a kanti ko a hannun mai talla, kada ku saya wa 'ya'yanku masu lafiya don yana da daɗi. Masu shago kuma kada ku ajiye shi. Duk ledar da ta zo kudu, wani yaro ne a arewa aka cire wa daga baki.

Wanda ya san ya taɓa shiga irin wannan ciniki, ƙofar tuba a buɗe take, amma hakkin mutane istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Ya ƙiyasta abin da ya ci, ya mayar da shi ga irin mutanen da aka yi kayan dominsu, ba da niyyar sadaka ba, da niyyar sauke nauyi. Ba sai ya faɗa wa kowa ba.

Bayan mun tsarkake hannunmu, sai mu samu bakin tambaya. Mutanen da ke zaune a sansani ba su da murya. Ku kuna da ita. Kuna da ƙungiyoyin kasuwa, na albasa da na tumatir da na shanu da na goro, kuna da sarakunan Hausawa, kuma da yawanku katin zaɓenku na gida ne, ana aiko muku da mota lokacin zaɓe. Idan ɗan majalisar yankinku ya zo gaisuwa, bayan an gama cin abinci a tambaye shi cikin ladabi: nawa aka ware wa waɗanda aka kora a ƙaramar hukumarmu, nawa aka saki, wa ya karɓa, ina sunayen? Idan ya ce bai sani ba, a ce masa ya bincika, za a sake tambaya. Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma fito-na-fito da shugabanni ba ne. Nasiha ce ga shugabanni, wadda Annabi (SAW) ya sanya ta cikin addini. Ba zagi a Facebook, ba yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Tambaya dai, a rubuce in da hali, da sunan ƙungiya, a kuma maimaita ta. Yawancinmu idan muka samu ganin babban mutum, buƙatar kanmu muke kai masa, kujerar Hajji ko aikin yaro. Ko sau ɗaya a shekara a kai masa ta waɗanda ba za su taɓa samun ganinsa ba.

Kuma idan muna neman wannan hakki, mu nema wa kowa. A cikin waɗanda aka kora daga Gwoza da Chibok akwai Kiristoci da yawa. A Binuwai da Filato akwai dubban mutane a sansanoni. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya kama hannunsa ya sa aka yanka masa abin da zai riƙa karɓa daga baitulmali, shi da ire-irensa. Mu da muke zaune a cikin mutanen da ba yarenmu ɗaya ba, mu ne ya fi kamata mu gane wannan. Ba mu manta da watan Fabrairun 2021 ba, lokacin da kasuwar Sasa ta kama da wuta. Mutanen da suka kwana da shaguna cike da kaya suka wayi gari a tsakar gidan Sarkin Sasa da mata da yara, suna jiran a kawo musu abinci. A kwanakin nan akwai maƙwabta Yarabawa da suka ɓoye namu, akwai namu da suka ɓoye nasu. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san cewa tsakanin mai rumfa da ɗan gudun hijira dare ɗaya ne.

Wani kuma zai ɗauki duk abin da na faɗa ya mayar da shi hujjar riƙe hannu, ya ce tunda nauyin gwamnati ne, ni ba ruwana. A'a, Alhaji, ba haka aka ce ba. Ceton ran da yunwa za ta kashe farilla ce a kan al'umma, idan wanda ya kamata ya yi bai yi ba, tana komawa kan duk wanda ya sani kuma yake da hali. Lokacin da wasu mutane daga ƙabilar Mudar suka zo Madina ba takalmi, ba suturar kirki, fuskar Annabi (SAW) ta sauya saboda halin da ya gan su a ciki. Ya sa Bilal ya kira salla, ya yi wa mutane huɗuba, aka yi ta kawowa, wani da dinari, wani da tufa, wani da mudun dabino, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskarsa ta yi haske don farin ciki. Ya kuma yabi Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne.

Zakkar kasuwanci ma a duba ta. Mai saye da sayarwa kullum, irin yawancinmu, yakan sa wata ɗaya a shekara ya yi wa kayan shagonsa kuɗi, ya haɗa da abin da ke hannunsa, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Asali ana raba ta ne a inda dukiyar take, amma malaman mazhabarmu sun yarda a kai ta wani gari idan mutanen can sun fi tsananin buƙata. Wanda aka kora daga gidansa ya shiga cikin matalauta, ko da a da shi ne mai kuɗin garinsu. Sai dai a bi ta hannun wanda aka sani, wanda zai kawo bayanin wa aka bai wa. Abin da muke nema ga hukuma na lissafi, mu fara yinsa a namu.

Bayan sallar yau kwamitin masallaci zai zauna a ƙofar gabas domin karɓar abin da ya sawwaƙa, kuɗi ko hatsi ko tufafi masu kyau, ba waɗanda aka gaji da su ba. Za a rubuta komai, kuma za a liƙa lissafin a allon sanarwa idan an raba. Za a fara da baƙin da suka sauka a unguwar nan da iyalansu, saura a aika gida. Direbobinmu da ke komawa arewa da mota ba kaya, wanda zai iya ɗauka saboda Allah ya ba da sunansa. Masu shaguna da ke neman yaro kuma, kafin ku aika a kawo muku daga gida, ku duba cikin samarin da ke kwana a harabar masallacin nan, a bincika asalinsu ta hannun mai unguwa kamar yadda aka saba.

Allah ya mayar da kowane korarre gidansa cikin aminci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya shiryi shugabanninmu ya ba su mashawarta na gari, ya tsare kasuwancinmu daga haram. Allah ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya. Amin.